Wace ce Iya mai ulu da Hajiya ta ishe ku da zancenta

Assalamu alaikum mutanen gida. Tunda Hajiya ta sauka Kano wayata ba ta huta ba, wannan ya kira wancan ya turo saƙon murya, kuma duk tambayar ɗaya ce, wai wace ce wannan Iya mai ulu da Hajiya ba ta buɗe baki sai ta ambace ta, har Yaya Babba yana cewa ko dai wani abu Yarbawa suka ba ta ta ci. To bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta, dan katin da na ƙona wajen maimaita labarin nan wallahi ya isa cefanen sati.

Dalilin zuwanta kun sani, likita ya hana ni doguwar tafiya, tunda ba zan zo gida haihuwa ba sai gida ya zo min. Ta iso farkon Maris da jaka uku, gero, kanwa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin jego, man shanu a galan, sai wata baƙar leda da ba ta yarda kowa ya taɓa ba, ulu ne a ciki da ta sayo a Ƙofar Wambai da kwarashinta guda biyu. Lissafinta in na yi arba'in ta juya. Lokacin an riga an ce an samu Ba'italiyen nan da korona a nan Legas tun 27 ga Fabrairun 2020, amma mu a Agege ciwon masu hawa jirgi muke ce mata, ba wanda ya ɗauka za ta shafi tuwonsa. Ranar 29 ga Maris Buhari ya yi jawabi, washegari ƙarfe 11 na dare aka kulle Legas da Abuja, wai sati biyu. Sati biyun nan sai da ya zama biyar.

Kwana shida da kullen na haihu. Abu ɗaya da zan gode wa korona, hanyar asibitin da a ranar aiki sai ka yi awa ɗaya da rabi kana shaƙar hayaƙin danfo, musamman da aikin gadar Pen Cinema ya tsuke ko'ina, a minti goma sha wani abu muka shanye ta. Titi fayau kamar an share. Ƴan sanda a shinge suna leƙowa suka ga yadda nake murƙususu suka ce mu wuce. Suna kuwa ba a magana, mutum biyar ne har da liman, shi ma daga bakin ƙofa ya yi addu'a ya juya, rago ɗaya baban yara ya samo ta wajen wani abokinsa a mayankar Oko-Oba da tsadar da har yau bai gaya min gaskiyar kuɗin ba. Hajiya ta zauna a bakin gado tana share hawaye da gefen mayafi, tace suna sai kace ana ɓoye abin kunya, ba guɗa ba ƴan barka ba ko yaran maƙwabta masu warwason alewa.

Ku da kuke da tsakar gida ku gode wa Allah. Mu ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, yara biyu ba makaranta tun kafin kullen, ga jaririya, ga Hajiya, ga baban yara da shagonsu yake rufe. Kuma kun san shi da kunyar Hajiya, ba ya iya cin abinci in tana wajen, ba ya iya miƙe ƙafa, in ta fito falo sai ya miƙe kamar an tsikare shi. Bawan Allah nan a ƴar barandar da muke shanya ya ƙare kullensa, shi da rediyo da bokitin wanki. Ita ma tana jin nauyinsa sai ta ƙule a ɗakin yara. Gidan da faɗinsa bai fi zauren gidanmu ba amma mutum biyu suna wasan ɓuya a ciki wata da watanni.

Wankan jego kuma da gas muka yi shi, ku ji fa, da gas. Ba wajen hura itace, mai gidan ma ba zai yarda ba. Tukunyar da take mana wata ɗaya ta koma kwana goma. Ruwan ma saye muke a wajen ƴan garuwa, yaranmu ne na arewa, su ma da kullen suka ƙara kuɗi kuma ban ga laifinsu ba. Darbejiyar da take zubar da ganye a ƙofar kowane gida a Kano har ana jin haushin shara, a nan sai da aka ɗaure min ƴan rassa aka ce in kawo kuɗi, wai kowa nema yake yana surace saboda korona. Hajiya ta riƙe haɓa tace yau na ga garin da ake sayar da darbejiya.

To a cikin wannan matsin saƙa ce ta riƙe ta. In ta idar da asuba ta gama lazimi sai ta jawo ledar, har rana ta ɗaga, bayan azahar ta koma. Kun san tun zamanin Better Life na Maryam Babangida ta koya a ajin mata, wajen 1988, kuma tun daga nan ba jaririn da aka haifa a danginmu bai sa hularta ba. Ta yi wa jaririyar hula uku, safa, da suwaita mai maɓalli. Nace Hajiya nan fa ba Kano ba ce, hunturu ba ya tsanani a garin nan, zafin nan na Afrilu irin mai danƙo ne, kana fitowa daga wanka kana zufa. Tace jariri ba ya jin zafi, sanyi ne yake kama shi ta maɗiga. Ban ja ba, wa ya isa. Kwana biyu wuyan yarinya ya feso da ƙurajen zufa, muka cire a hankali ba wanda ya ce wa kowa komai. Sai ta koma kan babban aikin, bargon goyo ruwan omo, mai zanen kamar ganye a jere, ta ce wannan ko an koma gida zai yi amfani.

Ya kai kashi uku cikin huɗu ulun ya ƙare. Tsakiyar Afrilu ke nan, kuma bai tashi ƙarewa ba sai a makon da ya fi kowane muni. Makon da aka yi ta jita-jitar ƴan fashin nan na One Million Boys suna shiga unguwanni, maza suka daina barci, kowane layi an kunna taya, baban yara da ko kaza ba ya iya yankawa ya fita da taɓarya yana sintiri har asuba. Daga nan kuma sai wayoyinku suka fara shigowa. Mace-macen da aka yi ta yi a Kano ba sai na ba ku labari ba, ku kuka yi ta ɗaukar gawa. Mu dai a nan duk wayar da ta yi ƙara gabanmu sai ya faɗi, kuma kusan duk sa'o'inta ne, wadda suka yi makarantar allo tare, wadda suka je Makka tare, mijin aminiyarta. Ba hanya, an rufe tsakanin jihohi, ba zuwa gaisuwa, sai dai ta riƙe waya tana Allah ya jiƙansa Allah ya sa ya huta, ta ajiye ta zauna shiru. Hannun da ya saba motsi ba abin yi. Da idona na ga ta ɗauko suwaitar nan da ta gama ta warware ta tas, ta dunƙule zaren ta sake saƙawa, ta gama ta sake warwarewa. Sau biyu. A nan na san maganar ulun nan ba ta wasa ba ce, dole in nemo shi ko a ina yake.

Amma a ina? Kasuwar abinci kaɗai ake bari ta ɗan buɗe na wasu awanni, masu zare duk suna Eko, wato kasuwannin tsibirin Legas, a kulle. Sai da aka sassauta ranar 4 ga Mayu, muna cikin azumi, ƴar maƙwabciyarmu Bayarabiya ta ji ina mita a matakala ta ce Anti ai ba sai kin je ko'ina ba, ta buɗe Instagram ta nuna min wata mata a wajen Surulere da ba ta sayar da komai sai kayan saƙa. Ita ce Iyar taku. Ba ma tsohuwa ba ce, ba za ta wuce sa'ata ba, Hajiya ce ta laƙaba mata Iya dan a wajenta duk Bayarabiya Iya ce.

Wajen ƙarfe goma na dare na tura mata hoton bargon, nace da safe in Allah ya sa ta gani. Kafin in ajiye wayar ta amsa. Sai tambayoyi, wa zai yi amfani da shi, jariri ne ko babba, kwarashi lamba nawa Mama take saƙa da shi, dunƙule nawa ya rage a gama, in ɗauki hoton a hasken rana ba na ƙwan lantarki ba, sannan in turo mata hoton takardar da take naɗe da dunƙulen. Takarda kuwa Hajiya ta daɗe da yar da ita a Kano. Ni har na fara jin haushi, nace a raina ulu ne fa zan saya ba maganin hawan jini ba. Ta faɗi kuɗi, kuɗin ɗan aike ya kusa kamo kuɗin ulun, kuma sai na tura ta ga alat kafin kaya su fito. Baban yara daga baranda yace shikenan kin yi sadaka, Allah ya karɓa. Ni ma gaskiya da na danna tura sai da cikina ya juya, mun ji labarin damfarar intanet har mun gaji.

Washegari kafin azahar mai babur ya kira yana ƙasa. Lokacin an hana acaɓa ɗaukar mutane sai masu kai saƙo kawai. Yaro da takunkuminsa, ya fesa wa ledar sanitaiza a gabana kafin ya miƙo, ya ɗan rusuna yana Alhaja Alhaja. Na hau sama na buɗe, dunƙule huɗu a jere cikin leda mai kyau, da rasit, da ƴar takarda an rubuta godiya da hannu, da allurar ɗinke bakin zare kyauta. Na kai wa Hajiya ina jin kaina kamar na ciyo kofi.

Ta karɓa ta yi bismilla, ta tashi ta je bakin taga, ta ɗora dunƙulen a kan bargon ta ƙura ido. Tace ba shi ba ne.

Nace Hajiya kamar ya ba shi ba ne, ruwan omo ne fa. Tace ruwan omo ne amma ba shi ba ne. Na duba na sake dubawa ban ga komai ba, na kira baban yara ya leƙo daga nesa cikin ladabi yace shi dai a ganinsa ɗaya ne, babban ɗana ma yace ɗaya ne. Ba ta ce mana komai ba, ta zauna ta saƙa layi biyu ta ɗaga mana a rana. Wallahi sai ga shi, layi ya fito raɗau kamar an ja da alli, na sama ya fi na ƙasa haske kaɗan. Ga azumi ga jego ga kuɗina, na ji kamar in yi kuka. Kuma ko a mafarki ban yi tunanin komawa wajen mai kaya ba, dan ni ƴar Kano ce, an raine ni a kan cewa kaya in sun bar shago sun zama naka, kai da Allah.

Da la'asar sai ga saƙonta, ita ta fara nema na, wai kaya sun iso lafiya, Mama ta ji daɗinsu? Na ɗan yi jim, nace sun iso mun gode, sai dai kalar ta ɗan bambanta amma ba komai. Ban rufe baki ba sai ga kiran bidiyo. Tace in nuna mata. Na nuna. Ta dafe kai tace laifinta ne, tunda ba takarda bai kamata ta dogara da hoto ba, waya tana canja kala. Wai ashe a jikin takardar nan akwai lamba biyu, ɗaya ta kala ɗaya ta rini, zaren da aka rina a tukunya ɗaya shi yake da lambar rini ɗaya, in tukunya ta bambanta ko sunan kalar ɗaya ne sai an ga bambanci, shi ya sa masu saƙa suke sayen abin da zai ishe su a lokaci guda. Ina fassara wa Hajiya tana gyaɗa kai, tace ai gaskiya ta faɗa, ko a marinar Ƙofar Mata baba ba ya ba ka shuɗi iri ɗaya sau biyu. Sai ta karɓe wayar daga hannuna. Ita ba Turanci, waccan ba Hausa, amma suka yi kusan minti ashirin, wannan ta ɗaga saƙa ta nuna da yatsa waccan ta ɗauko nata kwarashin ta gwada, suna ta dariya, ni da nake tafinta aka manta da ni.

Abin da matar nan ta yi bayan nan shi ne har yau yake min yawo a kai. Ta sake turo yaron ya karɓi ɗan guntun tsohon zaren, bai fi tsawon yatsa ba. Ta jira ranar da ake buɗe wa masu kayan da ba abinci ba, dan lokacin raba ranakun kasuwa aka yi, ta shiga Eko da guntun zaren nan a jaka tana bi shago shago, a lokacin da kowa yake tsoron cunkoso. Ta samo kala uku mafi kusa ta aiko duka ukun ta ce Mama ta zaɓa a dawo da sauran. Na farkon ma ta karɓe abinta har da dunƙulen da aka riga aka fara. Zuwa uku yaron nan ya yi bayan na farko, ko kwabo ba ta ƙara min ba, na ce in biya ko rabi ta ce a'a. Kuma a cikin ukun ma ba wanda ya dace ɗari bisa ɗari, ta faɗa da bakinta tun kafin mu gani, ba ta tsaya rantse-rantse ba, sai ta ba da shawara a sa farin layi siriri tsakanin tsohon da sabon, a maimaita shi a ɗaya gefen, ido ba zai kama ba sai ma a ɗauka ado ne. Hajiya ta yi shiru ta auna, tace yarinyar nan ta san aiki. Ku da kuka san Hajiya kun san sau nawa kuka taɓa jin ta faɗi haka a kan wani.

Na kwanta ina lissafi, ribar da ta ci a kaina in ma akwai ta ƙare a man babur tun zuwa na biyu. To me ya sa? Kuma me ya sa abin ya ba ni mamaki har haka, ni da na tashi a garin da ake wa kirari da cibiyar kasuwanci? Sai na tuna leshin bikin ƙanwarmu. Kun tuna, na saya a kasuwa a ninke, muka zo gida muka buɗe sai ga yagewa a tsakiya kamar ɓera ya ci, na koma ko awa uku ba a yi ba, mutumin da ɗazu yake min Hajiya Hajiya da lemo mai sanyi ya ɗaure fuska kamar bai taɓa ganina ba. Ai da idonki kika zaɓa. Haka kamfani ya yo shi. Ƙarshe yace in yi haƙuri ƙaddara ce. Ƙaddara! Shi ya san da yagewar ya ninke ta ciki amma ƙaddara ce ta ja min. Ga tasbaha a hannu ga tabon salla a goshi. Mu ne fa tun muna islamiyya ake karanta mana cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, amma je ka sayi kwanon shinkafa ka ga gindin kwanon, ko buhun dankali ka ga abin da aka jera a ƙasa. Telolinmu kuwa sun mai da in sha Allah ta zama hanyar korar mutum, in tela ya ce maka gobe in sha Allah ka san sai bayan salla. Kuma in ka yi magana kai ne mara haƙuri, kai ne mai ƙorafi a kan abin duniya. Kalmar nan ɗaya, laifina ne, ban san ranar da na ji ta a bakin mai shago a gida ba.

Baban yara yace kar in cika baki, ba wai ta fi mu tsoron Allah ba ne, garin ne ba a wasa, masu sayar da irin kayanta sun fi a ƙirga, in na rubuta mummunar magana a shafinta ta yi asarar mutum goma. Wataƙila haka ne. Ni dai ko tsoron kwastoma ne Allah ya kawo mana irinsa Kwari da Sabon Gari. Kuma kar ku ɗauka na zama ƴar Legas, garin nan ya ishe ni ta wasu wajajen. Garin da sai ka biya kuɗin haya ka biya na ejan ka biya na yarjejeniya ka biya na abin da ba ka fasa ba tukuna. Garin da yaro ƙarami zai kalli magidanci da gemunsa ya ce masa aboki, da irin muryar da ka san ba abota yake nufi ba, alhali tumatir da albasa da naman da yake ci daga Mile 12 da Oko-Oba duk wahalar abokin ce. Janareton maƙwabta goma a kunne duk dare. Na haihu a gidan da yake da ƙofa takwas, mutum biyu ne suka ce min barka, su ma a matakala.

Hajiya ma da na zage ina zagin ƴan kasuwarmu sai da ta taka min birki. Tace mai zarenta na Wambai shekara ashirin tana ɗaukar kaya bashi ba takarda ba shaida, in ta samu ta kai, bai taɓa aiko mata ba, kuma ranar da Baba ya rasu rufe shago ya yi ya zo har makabarta. Tace Iya da kirkinta ai sai da ta ga alat. Na rasa amsa. Amma nace mata to in ya ba ki kalar da ba ita ba fa, zai karɓa? Ta yi dariya tace zai ce idona ne ya tsufa.

Wani abin da ya ƙona min rai kuma maganar auduga. Iya ce ta ce ulun da muke saya ba gashin tumaki ba ne, roba ce, shi ya sa yake riƙe zafi ya fesa wa yara ƙuraje, a garin zafi zaren auduga ya fi. Ta aiko da ɗaya a gwada, laushi kamar me. Na juya takardar, daga Turkiyya. Hajiya ta murza shi a yatsa ta yi shiru, can tace Innarta da hannunta take gurza auduga ta shiɓe ta kaɗa da mazari, abawa da ƙaramin zare duk a ɗaka ake yi a kai wa masaƙa. Yau jikarta tana sayen zaren auduga daga Turkiyya ta hannun Bayarabiya a Surulere, da kuɗin da ya ninka na roban sau nawa. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi tana ina? Masaƙar Kaduna da aka buɗe tun 1957 ta rufe a 2002, sauran na Kakuri suka bi ta, na Bompai da Sharaɗa kuwa ku kuka fi ni sanin abin da suka zama. Bari in bar nan dan in na fara ba zan gama ba.

Abin dariya kuma, da aka ce dole kowa ya sa takunkumi Hajiya ta ce ba za a sayo ba ita za ta saƙa. Ta yi wa baban yara guda ɗaya kore shar, da huji huji kamar rariya. Bawan Allah ya karɓa hannu biyu ya yi godiya, ya sa ya sauka ƙasa, yana shan kwana ya cusa a aljihu ya ɗauko na kanti. Ɗana ne ya fasa ƙwai yace Hajiya ai korona ta nan za ta shige har da kayanta. Da na ba Iya labari ta yi dariya har da tari, sai ta nuna mata wani ɗan abu da ake yayi, ƴar igiya mai faɗi kamar yatsa biyu da maɓalli a kowane gefe, ana sa ta a ƙeya a maƙala igiyar takunkumin dan kar ta ci bayan kunne. Minti goma Hajiya take gama ɗaya da ragowar zare. Na kai wa nas-nas ɗin da suke mana rigakafi suka yi ta rububi. Iya ta ce a yi mata hamsin za ta saya, aka yi, yaron ya zo ya karɓa, kafin ya kai titi kuɗi sun shigo. Hajiya ta sa na karanta mata alat ɗin sau biyu. Shekara talatin da wani abu tana saƙa, wannan ne karo na farko da wani ya biya ta. Eh da ku nake, masu zuwa da ciki wata bakwai kuna Hajiya a yi wa jaririna saiti, ko kuɗin ulu ba kwa bayarwa, in an gama ma har da cewa da ruwan hoda aka yi da ya fi. Kun san kanku, ni ma ina ciki.

Yaran ma sun koya. Ta tsakiyar ta iya jan sarƙa ta yi ta ja har ta zagaye falo, babban kuwa ya fi ta hannu, ya yi wa kansa abin sa fensir. Babansu ya ɗan yi gunaguni ta bayan fage wai namiji da kwarashi, maganar ta koma kunnen Hajiya tace a tambaye shi masu saƙar fari da masu ɗinkin babbar riga a garinsu mata ne? Daga baranda ba a sake jin komai ba.

Haka muka yi azumi ba tarawihi a masallaci, tafsiri a waya, sallar 24 ga Mayu a falo baban yara ya ja mu, Hajiya a baya shi a gaba muryarsa har rawa take. Bargon a daren sallar aka gama shi, da fararen layukansa biyu, shi ne wanda kuka gani a hoton. An buɗe hanya 1 ga Yuli amma muka ƙi sa ta a mota, muka jira jirgin Kano ya dawo aiki ranar 11 ga wata sannan muka sama mata kujera. Arba'in ɗin da ta zo yi ya zama wata huɗu da kwanaki. Ana gobe za ta tafi Iya ta aiko mata da kwarashi mai hannun roba wai saboda ciwon yatsu, ita kuma ta aika mata da ragowar man shanu da yaji, ban san me Iya ta yi da yajin jego ba.

Shekaranjiya ta kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba tace in ɗauko biro. Ta shiga Wambai ta tambayi mai zarenta lambar rini, ya kalle ta yace Hajiya wace lamba kuma, ya kira maƙwabcinsa shi ma bai sani ba, ƙarshe ita ta juya dunƙulen ta nuna musu a jikin kayansu. Yanzu dai tana so in ce wa Iya dunƙule shida na audugar nan, ruwan ƙwai, lamba ɗaya, in kai tashar Agege a ba direban Kano. Wanda zai je karɓa a cikinku ya taho da kuɗin mota, kuma dan Allah kar ya cire takardun jiki.